Daga dalma zuwa kartushi: tarihin abin da ake ɗura wa bindigar farauta

Kalmomi uku da maharbi ba ya rabuwa da su duk aro ne daga larabci. "Bindiga" ta fito daga bunduƙiyya, "albarushi" daga al-barud, "harsashi" kuma daga ar-rasas, wato dalma. Ke nan tun asali sunan ƙarfen ne aka ba abin da ake harbawa.

A Damagaram, zamanin Sarki Tanimun (ya rasu a 1884), ana haɗa albarushi a cikin birni, har ana ƙera igwa. Bindigar lokacin ta baki ake ɗura mata: albarushi, tsumma, sannan dalma ko guntayen ƙarfe. Maharbi shi ke auna abinsa gwargwadon naman da yake nema. Yarjejeniyar Burusal ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani a yankinmu, ta bar masu ƙanƙara, shi ya sa adaka ta daɗe a hannun mafarauta.

A wannan shekara ta 1884 ne Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi a Faransa. Sannu a hankali awo ya bar hannun maharbi ya koma masana'anta. Bindigogin Manufrance na Saint-Étienne, irin su Simplex mai baki ɗaya, sun zo da kartushi da lambobinsa. Kalibar 12 na nufin dunƙulen dalma 12 masu faɗin bakin bindigar su ke yin laba ɗaya. A awon Paris, ƙwaya mai lamba 1 milimita 4 ce, lamba 6 kuma 2,75: lamba na hawa, ƙwaya na ƙanƙancewa. Zabo da zomo lamba 4 zuwa 6, kurciya 7 ko 8.

Inda haɗarin yake shi ne tsawo. Yawancin tsofaffin bindigogi an yi ɗakinsu don kartushi mai milimita 65, na kasuwa kuwa 70 ne ko 76. Tsawon da ke rubuce na kwanson da ya buɗe ne bayan harbi, saboda haka dogon kartushi yakan shige gajeren ɗaki lafiya lau, sai an harba matsi ya ƙaru. Wanda ya farke kartushi ya zuba albarushinsa cikin adaka kuwa, yatsunsa ya sa caca.

Dalmar ma ta fara ja da baya. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da ita a 1991, Faransa ta hana a fadamu a 2006. Ƙwayar ƙarfe da ta maye gurbinta ba ta lotsewa, tana iya kumbura bakin tsohuwar bindiga.

A ganinmu, harshe na da nasa laifi a nan. Faransanci ya raba plomb, balle da cartouche. Mu kuwa a kasuwa "harsashi" kawai muke cewa, mai saye bai tambayi tsawo ba, mai sayarwa bai faɗa ba.