Tarihin Tuƙi a Gaɓar Tekun Daytona

Tun shekarar 1903 ake tseren motoci a gaɓar Ormond da Daytona ta jihar Florida a Amurka, domin yashin wurin yakan yi tauri idan teku ta janye, wato ruwanta ya ja da baya. A Maris na 1935 matuƙi Malcolm Campbell ya zarce mil 276 cikin sa'a a kansa, kafin a mayar da tseren filin kwalta a 1959. A yau kunkurun teku ke tsara lokacin tuƙi a gaɓar, domin daga Mayu zuwa Oktoba, sa'ad da suke binne ƙwai cikin yashi da dare, ana hana motoci shiga bayan ƙarfe bakwai na yamma.