Daga Makarantar Masturat Zuwa Takunkumin Fuska

A 1921 Sarauniya Soraya, matar Sarki Amanullah Khan, ta buɗe Masturat, makarantar 'yan mata ta farko a Kabul. A wannan shekarar aka fara buga Irshad-e Niswan, mujallar matan Afganistan. Tafiyar ba ta yi nisa ba: da mulkin Amanullah ya faɗi a 1929, sai aka garƙame makarantun 'yan mata.

Taliban ta maimaita haka a 1996.

Abin takaici, bayan Taliban ta dawo mulki, ranar 23 ga Maris 2022 'yan mata ɗaliban sakandare sun isa makaranta da murna, aka kora su gida da hawaye. Bayan watanni biyu, aka tilasta wa mata masu karanta labarai a talabijin rufe fuska. Gidan Rediyon Begum, wanda Hamida Aman ta kafa a 2021, shi ya riƙa kai wa yaran darussa har cikin ɗaki.