Yadda Ake Gane Tsohon Tambur Mai Raƙumi

Jama'ar Madawa, Buza da Keita, in kun tarar da tambur mai hoton mahayin raƙumi cikin takardun kakanni, ku duba rubutun da ke kansa. Faransa ta fitar da shi a 1914 da sunan Haut-Sénégal-Niger. A 1921 aka buga "TERRITOIRE DU NIGER" bisansa: wannan shi ne namu. In "HAUTE-VOLTA" kuka gani, na Burkina Faso ta yau ne. "SOUDAN FRANÇAIS" kuwa na Mali. Wasu an sake buga musu sabon farashi bisa tsohon.

Kada ku ɓamɓare shi daga ambulan. Hatimin gidan waya ne ke nuna gari da ranar aikawa, kuma masu tarawa sun fi ba shi daraja in yana manne.