Makafi da Adana Waƙa a Ƙasar Hausa

A manyan biranen ƙasar Hausa, kamar Kano da Zariya, makafi sun daɗe da tsarin shugabanci nasu, inda ake naɗa Sarkin Makafi, wato shugaban da ke sasanta rigingimunsu yana kuma wakiltarsu a fada. Bara ce ta zama sana'ar yawancinsu, kuma ta jawo musu ƙasƙanci mai ciwo, amma a cikinta aka raya wata baiwa da ba kasafai ake yaba mata ba, domin wanda ba ya iya karanta ajami, wato rubutun Hausa da haruffan Larabci, dole ya dogara da hadda, har ya riƙe ɗaruruwan baitocin wa'azi a ka yana rera su ƙofa-ƙofa. Ta haka waƙoƙin malamai suka isa kunnen matan kulle da manoman karkara.

Daga cikin makafin da suka yi fice a waƙa akwai Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya makance tun yana ƙarami; shi ya tsara Waƙar Imfiraji, kuma ƙarfin haddar da rashin gani ya tilasta masa yana cikin abin da ya gyara masa harshe. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, ya kuma rasu a 1990.