Katse Layukan Sadarwa a Zamfara: Tsakanin Maslaha da Mafsada

Sanannen abu ne ga ma'abota nazari cewa duk ni'imar da Allah Maɗaukakin Sarki ya hore wa bayinsa, muddin ta game jama'a har rayuwarsu ta ginu a kanta, to ta tashi daga matsayin ƙawa ta koma larura. Kuma wannan shi ne hukuncin wayar salula tun shekarar 2001, lokacin da kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki a Nijeriya, alhali kafin nan layukan NITEL, waɗanda ba su kai rabin miliyan ba, sun taƙaita ga ofisoshin hukuma da gidajen attajirai.

A ranar 3 ga Satumba, 2021, kwana biyu bayan sace ɗaliban makarantar Kaya ta Maradun, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, ƙarƙashin Farfesa Umar Garba Ɗanbatta, ta umarci kamfanoni su kashe turakunsu a duk faɗin Zamfara, bisa buƙatar Gwamna Bello Matawalle. Mako biyu aka ambata da fari, amma birnin Gusau bai sami sabis ba sai farkon Oktoba, karkara kuwa sai ƙarshen Nuwamba; Katsina da Sakkwato da Kaduna ma sun bi sahu a wasu ƙananan hukumominsu.

Hujjar hukuma ba abar rainawa ba ce, domin da waya ɗan bindiga yake jin motsin soja daga bakin masu kai masa rahoto, da ita kuma yake cinikin kuɗin fansa, ga shi malaman usulu sun tabbatar cewa tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani. Sai dai malaman nan ba su bar ƙa'idar sakaka ba, sun gindaya mata sharuɗɗa biyu: a auna larura da gwargwadonta, kuma kada a gusar da cuta da wadda ta yi daidai da ita, balle wadda ta fi ta.

To, idan muka ɗora al'amarin bisa wannan mizani, muka dubi gari irin Wanke da ƙauyukan da ke tsakanin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, za mu tarar nauyin ya faɗa kan wanda ba shi da laifi. Manomin da ya hangi ƙurar babura daga bakin daji ba shi da hanyar sanar da maƙwabta ko jami'an tsaro. Mai POS ya rufe rumfarsa, saboda haka tsohuwar da ɗanta ke aiko mata kuɗin cefane daga Legas ta zauna hannu rabbana. Mutane suka koma rubuta saƙo a 'yar takarda, a naɗe, a damƙa wa direba a tasha. Shi kuwa ɗan ta'adda, da yake yana da babur da bindiga, babu abin da zai hana shi tafiya inda sabis yake, ya gama magana ya komo. Wanda ya toshe rijiyar gari don ɓarawo na sha daga cikinta, iyalinsa ya fara jefawa cikin ƙishirwa.

Akwai abin lura a Ruwanda, ƙasar Afirka ta Gabas wadda ba ta da gaɓar teku, faɗinta ma bai kai na Zamfara ba: bayan kisan ƙare-dangi na 1994, mahukuntanta sun shimfiɗa wayoyin intanet na ƙarƙashin ƙasa fiye da kilomita 2,000 zuwa gundumominta 30, ga shi kuwa hukumar da take jin muryar talakanta ta fi sanin inda fitina ke tsirowa.

Saboda haka, idan larura ta sake tilasta irin wannan mataki, wajibi ne a taƙaita shi ga dajin da ake yaƙi a ciki, a yanka masa wa'adin da ba za a tsallake ba, a tanadar wa asibitoci da hakimai da dagatai wata hanyar neman agaji, daga bisani kuma a bayyana wa jama'a abin da aka samu da abin da aka rasa. Gama shugaba makiyayi ne, kuma abin tambaya ne game da kiwon da aka ba shi.