Koyon sana'a da yaƙi da talauci a Nijeriya

Tun kafin zuwan makarantun boko, koyon sana'a a wurin gwani shi ne babbar hanyar samun abin dogaro a ƙasar Hausa. Yaro kan zauna da maƙeri, ko marini, ko baduku, har ya ƙware a yaye shi.

Gwamnatin Nijeriya ta shiga harkar sosai ne a shekarar 1971, lokacin da aka kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF. Doka ta tanadi cewa kamfanoni su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu a cikin asusun.

Hukumar NDE

A shekarar 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, abin da ya sa dubban ma'aikata suka rasa ayyukansu. A wannan shekara ce aka kafa hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, wato NDE, wadda ta fara aiki a 1987.

Hukumar ta ɗauki tsarin gargajiya ta yi amfani da shi. Takan tura matasa wurin makanikai da teloli da kafintoci da masu walda su koyi aiki, sannan ta ba wasu daga cikinsu rancen kayan aiki idan sun kammala.

A shekarar 2001 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta kafa shirin yaƙi da talauci na NAPEP. An rushe shirin daga baya, amma har yanzu ana kiran babur mai ƙafa uku da sunansa, wato Keke NAPEP. A 2016 kuma gwamnatin Muhammadu Buhari ta fito da shirin N-Power.

Inda gizo ke saƙar

Duk da waɗannan shirye-shirye, rahoton da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar a 2022 ya nuna cewa mutane miliyan 133, kashi 63 cikin 100 na al'ummar ƙasar, suna fama da talauci ta fuskoki daban-daban. Mafi yawansu suna arewa ne.

Babbar matsalar ita ce horo kaɗai ba ya isa. Wanda ya koyi ɗinki ba shi da keke, ko ya koyi walda babu wutar lantarki, ba zai iya ci da sana'arsa ba. Wasu ma kan sayar da kayan aikin da aka ba su saboda matsin rayuwa.

Shi ya sa ake yawan kawo misali da tsarin 'yan kasuwar ƙabilar Ibo, inda ubangida ke sallamar yaronsa da jari bayan shekarun da ya yi yana yi masa hidima. A irin wannan tsari, yaro yana fita ne da ƙwarewa da jari da kuma sanin abokan ciniki, abubuwan da takardar shaidar kammala horo ba ta bayarwa.