Sojojin Haya da Yaƙin Basasar Saliyo

Yaƙin basasar Saliyo ya ɓarke ne a watan Maris na 1991, lokacin da mayaƙan RUF, a ƙarƙashin Foday Sankoh, suka kutso ƙasar daga Laberiya. Ya zuwa 1995 sun mamaye filayen lu'ulu'u na Kono, sun tsai da aikin haƙar ma'adinai a kudu, har sun doshi Freetown, babban birnin ƙasar. Sojan gwamnati kuwa ba shi da isasshen albashi, balle horo.

Ganin haka sai gwamnatin soja ta Kyaftin Valentine Strasser ta ɗauko hayar wani kamfani na Afirka ta Kudu, wato Executive Outcomes, wanda akasarin mutanensa tsofaffin sojojin zamanin wariyar launin fata ne. Yawansu bai wuce 'yan ɗaruruwa ba, amma sun zo da jirage masu saukar ungulu, suka kuma haɗa kai da mafarautan Kamajo, waɗanda suka san dajin ciki da bai. Cikin 'yan watanni suka kori 'yan tawaye daga kewayen birni, suka ƙwato Kono. Wannan ya ba da damar yin zaɓe a 1996, aka zaɓi Ahmad Tejan Kabbah.

To, sai dai wanda aka yi hayarsa don ya ci yaƙi, ƙara wa yaƙin zafi yake fara yi, domin da ƙarfin wuta yake cika alkawarinsa. Kuma nasarar tana tsayawa ne muddin ana biyansa. Yarjejeniyar sulhu ta Abijan, ta Nuwamba 1996, ta ƙunshi sharaɗin ficewar kamfanin, ya kuwa fice a Janairun 1997. A watan Mayu sojoji suka hamɓarar da Kabbah, suka gayyato RUF cikin mulki. Sai da rundunar ECOMOG, wadda Nijeriya ke jagoranta, ta mai da shi kan kujerarsa a 1998. Duk da haka 'yan tawaye suka sake afka wa Freetown a Janairun 1999, aka yi ɓarnar rayuka mai yawa. Ba a bayyana ƙarshen yaƙin ba sai a 2002.

Dalilin wannan koma-baya a fili yake. Kamfanin ya karya lagon abokan gaba a fagen fama, amma bai gyara sojan ƙasar ba, kuma sojan nan da aka bari cikin yunwa da ƙorafi shi ne ya juya wa gwamnati bindiga watanni huɗu kacal bayan tafiyar baƙin.